Sauran Ganin Baba a Jirona

Gwadangaji zuwa Abuja

Ba a kira assalatu ba muka fito daga gidana a Gwadangaji, ni da Baba da jaka biyu. Tun jiya da la'asar aka kawo shi daga Argungu, ya kwana yana mitar katifata ta yi laushi da yawa. Mai keken da na yi wa magana ya zo a kan lokaci, abin da bai taɓa yi mini ba ranar aiki. Garin shiru, sai zafin bazara da ko asuba ba ta korarsa. Muka yi sallah a tasha, ƙarfe shida motar Abuja ta tashi.

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar tun yanzu, kada ku ce Balki ta yi kuɗi ta tafi yawon buɗe ido. Baba masunci ne, a kan Gulbin Rima ya tsufa. Shekara biyu ke nan hawan jinin ido yana cin ganinsa daga gefe, har ya zama abin da ke gabansa sak kawai yake gani, kamar mai leƙe ta bakin gora. Yayanmu Sanda, wanda ya daɗe a ƙasar Sifaniya yana gyaran injinan sanyi a wani tsohon birni mai suna Jirona, shi ya yi ta faɗi-tashi har aka ba mu biza don a kai Baba likita. Ni aka zaɓa in raka shi, wai ni ce malamar makaranta mai jin Turanci. Ba wanda ya gaya mini can ba Turancin suke yi ba.

Akwai abu na biyu, wanda ni kaɗai yake ci wa rai. Yaya Sanda ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Baba ya ci. Kun san halin tsofaffinmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba, ban taɓa ganin ya dube shi ido da ido ba. "Wancan" yake cewa, ko "yayanku". Ko ta waya mai hoto Yaya ya kira, Baba miƙo mini yake yi, in ji abin da ake so. Amma muna yara na sha kama shi yana satar kallon Yaya da wutsiyar ido, in yana gyaran taru a tsakar gida. To wutsiyar idon nan ita ciwon ya fara ɗaukewa. In Baba bai juyo ya dubi ɗansa sosai a tafiyar nan ba, ba zai ƙara ganin fuskarsa ba. Da wannan tunanin na wuce Jega da Koko.

A Yawuri muka tsaya cin abinci. Baba ya ɗauki kifin da aka zuba masa, ya sunsuna, ya ce na kwana biyu ne, ya kuma cinye shi tas. Bayan Kwantagora wani soja ya leƙo ta taga.

"Baba, ina zuwa?"

"Turai."

Sojan ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce a gaishe masa da su. Mun shiga Abuja bayan isha'i, muka kwana gidan ɗiyar gwaggonmu a Kubwa.

Sama, da Basalona

Ban da abin faɗi mai yawa a kan jirgin sama, don barci na yi ta yi ina farkawa ban san ko wace ƙasa ce a ƙarƙashina ba. Mun canza jirgi a Istanbul, inda aka tura Baba a kujera mai taya yana ɗaga wa mutane hannu kamar hakimi. Da muka hau na biyu ya manna goshinsa da gilashin taga, ya daɗe yana duban teku.

"Balki, wanga ruwa duka ba ko jirgi guda bisa nai?"

Na ce akwai, nisa ne ya ɓoye su. Ya ce to, ya ci gaba da dubawa.

A Basalona na hango Yaya tun daga nesa. Gashin kansa ya ja baya, gemunsa ya yi furfura ta gefe biyu. Ya zo ya durƙusa a kan tayil ɗin filin jirgi, Turawa na ratsa shi da akwatunansu.

"Baba, an zo lahiya? Ya gajiya?"

"Lahiya lau," in ji Baba, yana amsa wa amalanken kaya. "Kun wuni lahiya? Ya iyali?"

Daga nan jirgin ƙasa mai gudu ya kai mu Jirona cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Gonaki kore shar suna wucewa, da gidajen dutse ɗai-ɗai a kan tuddai. Gidan Yaya yana hawa na uku a wani gari mai suna Salt, wanda ya haɗe da Jirona kamar Gwadangaji da Birnin Kebbi. Matarsa Fatu, 'yar Gambiya, ta tarbe mu da shinkafa da miyar gyaɗa mai daɗi. Abin da ya rikita mu shi ne rana. Ƙarfe tara na dare tana nan tsaye a kan rufin gidaje, ja kamar manja, Baba yana ta tambaya ko magariba ta wuce mu ba mu sani ba.

Wurin likita

Kwana biyu da zuwa muka ga likita, mace mai sanyin murya. Ta daɗe tana haska idon Baba da na'urori, sannan ta yi wa Yaya bayani da yarensu na Katalan. Tun kafin ya fassara na gane daga yadda ya sunkuyar da kai. Abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage ƙalilan ne, za a ba da magani ya jinkirta, amma ba zai daɗe ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Na ga abin da nig gani. Ku yi mata godiya."

A hanyar gida Yaya ya ce mini ya ɗauki hutun mako guda. Ya rantse sai ya nuna wa Baba garin nan kaf kafin hasken ya ƙare.  Mutum ne mai kirki yayana, amma wani lokaci sai ka rantse kansa ma injin sanyi ne.

Cikin tsohon birni

Duk wanda Allah Ya kai Jirona, ya fara da bakin kogi da sassafe. Kogin Onyar ya raba garin biyu, gidaje sun jeru a bakinsa, ƙafafunsu cikin ruwa, wannan ruwan ɗorawa, wancan ja, wani launin ƙasa. Ruwan kwance yake, saboda haka kowane gida yana da ɗan'uwansa a kife a ƙasa, da tagoginsa da shanyarsa. Na tsaya ina kallo har na rasa wanne ne garin gaskiya. Ƙararrawa ta buga can sama, tantabaru suka tashi a garin sama da na ƙasa lokaci guda.

Muka hau wata gadar ƙarfe ja, wadda Yaya ya ce a da gefenta ake sayar da kifi. Yana ta nuna gidaje, Baba kuwa ya sunkuya kan ƙarfen yana duban ƙasa. Kifaye ne manya-manya, masu ƙiba, suna yawo a hankali cikin ruwan da bai kai gwiwa ba.

"Balki, tambayi yayanki, wa yar ruhe ruwan ga?"

A gida in ka ga kifi ya yi irin wannan sakewa, to Sarkin Ruwa ne ya hana kamun kifi a wurin sai ranar da ya buɗe. Baba ya dage sai an kai shi ya gaishe da Sarkin Ruwan garin, don baƙon masunci ba ya tsayawa kan ruwan mutane bai yi sallama ba. Yaya ya ce babu irin wannan sarautar a nan, mutanen ne kawai ba sa cin kifin.

"Ba su ci?" Baba ya jinjina kai. "To Allah Shi ba su lahiya."

Daga gada muka shiga lunguna. Nan ne unguwar da Yahudawa suka zauna ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Hanyoyin dutse ne matsattsu, in ka buɗe hannu biyu za ka taɓa bango da bango, ga sanyi kamar cikin randa. Kana tafiya sai matakala ta ɓullo, ka hau, ka faɗa wani tsakar gida mai rijiya da itacen lemo, ba kowa sai kyanwa. Ni dai ji nake kamar ina yawo cikin mafarkin wani.

Babbar majami'arsu tana kan tudu, matakalarta ta kusa ɗari. Baba ya hau da ƙafarsa, yana hutawa, ya ƙi a riƙe shi sai a gwiwar hannu. Daga bakin ƙofa ya leƙa, yana juya kai a hankali daga wannan bango zuwa wancan, don ɗakin ya fi ƙarfin ɗan ganinsa, sai ya bi shi gutsure-gutsure. Ya ce wanda ya rufa wannan faɗin ba ginshiƙi a tsakiya ya iya gini. A gidan wankan da suke kira na Larabawa, haske na saukowa ta wata kafa a rufi ya faɗa cikin kwarmin ruwa, Baba ya sa tafin hannunsa cikin hasken ya daɗe bai janye ba. Wurin da muka yi faɗa shi ne wurin gunkin wata zakanya da ke maƙale a jikin ginshiƙi. Baƙi na layi suna sumbatar gindinta, wai wanda ya yi haka zai sake dawowa garin. Na fassara wa Baba, ya ce mu wuce, kuma kada in kuskura in ba da wannan labarin a Argungu. Ga shi na bayar.

Abinci kuwa, burodi suke gogawa da tumatir su zuba man zaitun, ka ci ka ji kamar an fara girki an fasa. Amma akwai wani soyayyen fulawa mai madara a ciki da sukari a baya, shusho suke ce masa. Baba da ya ce shi ba ya cin kayan yara, biyu ya ci.

Bisa ganuwa

Ganuwar garin ta dutse ce, an yi hanya a kanta, mutum ya yi ta tafiya yana kallon rufin gidaje jajaye a ƙasa, da duwatsu masu shuɗi can nesa wajen iyakar Faransa. Baba ya shafa dutsen ya ce ta tsohon birninmu na Surame ma da dutse aka yi ta, mu ne dai ba mu gyara tamu ba.

Kwana huɗu muna wannan yawo, kuma kullum tsarin ɗaya ne. Yaya yana gefen Baba, ɗan baya kaɗan, yana riƙe da gwiwar hannunsa, daidai inda idon Baba ya mutu. Yana nuna hasumiya, yana nuna gada, yana faɗin shekarun kowane dutse, Baba yana duban duk abin da aka nuna masa. Raina ya ɓaci. A kan ganuwar na ce su tsaya in ɗauke su hoto, su fuskanci juna. Baba ya fuskanci Faransa.

Da Yaya ya sauka sayo ruwa na matsa kusa.

"Baba, kun ga majami'a, kun ga ganuwa, hal kihin mutane kun gani. Yaya hwa? Ku dube shi ko sau guda."

"Ke ba ki da kunya, Balki?"

"Ina da ita. Likita ta ce lokaci na babu."

"Ina jin muryatai. Ta ishe ni."

Ya faɗa a hankali, yana murza carbi, ban kuma yarda da shi ba. Da yamma na tare Yaya a kicin na gaya masa. Ya ci gaba da wanke kofi.

"Bar shi, Balki. Haka munka saba. Ni ma in yad dube ni ban san inda za ni sa idona ba."

Kofin nan ya wanku tun tuni, yana ta cuɗa shi. Na fita na bar shi, na je na yi kukana a banɗaki.

Tafkin Banyoles

Ana jibi za mu tafi, Fatu ta ce a kai Baba Banyoles, tun da ruwa yake so. Rabin awa ne a bas daga Jirona. Tafki ne mai faɗi, itatuwa sun kewaye shi, da ƙananan ɗakuna farare da aka gina a kan ruwa. Mun isa da hantsi, sauran hazo na kwance a kansa, ruwan ko motsi ba ya yi. Baba ya tsuguna ya ɗebi ruwan ya wanke fuska, ya yi masa sallama ƙasa-ƙasa.

Ana ba da hayar ƙananan jirage na awa ɗaya. Ina tsaye ina kallon wasu Turawa biyu da suka riga mu shiga, sai na lura da yadda suke tuƙi.  Da aka jawo namu, na yi wuf na haye can gaba na zauna.

A kwalekwalenmu na gida babba a baya yake zama, shi ke riƙe da hanya, yara na gaba suna ba shi baya. Haka Baba ya yi shekaru yana fita su da Yaya, ƙeyarsa kawai yake gani. Saboda haka ko tambaya bai yi ba, ya taka a hankali ya zauna a baya, wurin mai jirgi. Yaya ya shigo ya zauna a bencin tsakiya, ya kama filafilai biyu da aka ɗaure a gefen jirgin. Irin wannan jirgi kuwa mai tuƙi baya yake ba hanya. Gwiwarsa ta kusa taɓa ta Baba, fuskarsa sak a gaban fuskarsa.

"Wane irin jirgi na wanga?" in ji Baba. "Juya mana."

"Ba shi tuƙuwa haka nan, Baba. Sai dai ku riƙa gaya man hanya, ni ban ganin gabana."

Mai hayar ya tura mu da ƙafa, muka rabu da gaɓa. Baba ya juya kai dama, sai jirgin ya nufi ciyawa. Ya juya hagu, muka doshi wani ɗakin kan ruwa. Masunci ba ya iya zama a jirgi yana kallon ana ɓata tuƙi. Dole ya miƙe wuya ya dubi gaba, gaban kuwa Yaya ne ya cika shi.

"Dama. A'a, damata. Sassauta hannun hagu."

"To, Baba."

"Kana nutsa hilahili da yawa. Wa yak koya maka haka?"

"Ku na."

"Ban koya maka haka ba."

Jirgin ya miƙe. Muka shiga tsakiyar tafki, inda ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili. Umarnin Baba ya yi ta raguwa har ya ƙare, amma bai kau da kai ba. Ni ina bayan Yaya, fuskar Baba nake gani. Na ga yana bi a hankali yadda ya bi bangon majami'a, daga goshi, zuwa ido, zuwa gemu, ya koma sama. Yaya ya daina tuƙi. Bai dai sunkuyar da kai ba. Jirgin ya yi ta juyawa da mu shi kaɗai, itatuwa na wucewa ta bayan Baba.

"Hurhura ta hito maka," in ji Baba.

"Ta hito, Baba."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ƙara dubansa, ya daɗe, sannan ya share ido da bakin rawani, ya ce hasken ruwan nan ya yi masa yawa. Ba wanda ya ce a koma. Mai hayar sai da ya yi ta ɗaga mana hannu daga gaɓa.

Komawa gida

Dawowa ba ta da labari. A filin jirgin Basalona Yaya ya durƙusa, Baba ya yi masa addu'a yana duban allon tashin jirage kamar yadda ya saba, ni kuwa ban ƙara jin haushi ba. Istanbul, Abuja, kwana ɗaya a Kubwa, sai mota. Tun daga Koko muka tarar an yi ruwan fari, ƙasa na ƙamshi, mutane sun fita gona. Ban tsaya Gwadangaji ba, na wuce da shi Argungu, muka shiga gida bayan isha'i.

Washegari kafin magariba zaure ya cika da 'yan sannu da zuwa. Ina daga ciki ina zuba musu ruwa ina jin su. Malam Ɗanjuma, abokin kamun kifin Baba tun suna samari, shi ya matsa masa.

"To, mutanen Turai. Ido dai an ce sai haƙuri. Amma kahin nan mi kag gani can?"

Na ɗauka zai ba su labarin kifin da ba a ci, ko ranar da ba ta faɗuwa. Na leƙo ta labule, sai na ji Baba ya ce:

"Ɗanjuma, ka tuna tsohona?"

"Allah Shi jiƙan shi. Kamar yau nika ganin shi."

"To shi nig gani. Ashe yaron ga da shi yay yi kama. Hal hurhurar, ta gehe biyu."

Malam Ɗanjuma ya ce Allah Ya yi wa yaron albarka, aka amsa da amin.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Fatu da ta ce a je tafki, da ku da kuka yi ta kira kuna tambayar jikin Baba. Yanzu da nake rubuta wannan, damina ta yi nisa, ganin nasa saura kaɗan ƙwarai, ko ni sai na yi magana yake gane ni. Jiya da Yaya ya kira, bai miƙo mini wayar ba.